Sukur, Garin da Ke Kan Dutse: Tambayoyi da Amsoshi

Yawancin waɗanda suka san sunan Sukur a rediyo suka ji shi, ko dai ranar da ake lissafa wuraren tarihi na duniya, ko kuma a shekarun da rikici ya mamaye arewacin Adamawa. Tambayoyin da kan biyo baya kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na tattara su wuri guda.

A ina Sukur take?

Tana ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, can ƙuryar arewa maso gabashin Nijeriya, dab da iyakar Kamaru. Garin yana bisa duwatsun Mandara, kuma tsayinsa daga teku ya ɗan haura mita 1,000. Daga Yola tafiyar kimanin kilomita 290 ce. Mai zuwa daga kudu yakan biyo ta mararrabar Mubi, ya wuce Michika, ya iso Gulak, hedikwatar ƙaramar hukumar, sannan ya saki babban titi ya nufi gabas inda duwatsun suka tokare sama. Titin da ya saki shi ne ke zarcewa Madagali, Gwoza, Bama, har Maiduguri.

Ana raba garin biyu da sunayen da kowane Bahaushe zai gane ba sai an fassara masa ba: Sukur Sama, inda fada da tsofaffin unguwanni suke, da Sukur Ƙasa, wato ƙauyukan da ke gindin dutsen.

Yaya duwatsun Mandara suke?

Jerin duwatsu ne da ya miƙe kusan kilomita 200 a kan iyakar Nijeriya da Kamaru, daga wajen kogin Binuwai a kudu har kusa da garin Mora a arewa. Mafi yawansu dutse ne mai tauri da ya farfashe ya zama manyan ƙwallaye da falale, wani kan wani. A ɓangaren Kamaru, wajen Rhumsiki, akwai wasu dogayen duwatsu tsaye ƙiƙam kamar taɓarya, ragowar aman wuta na zamanin da. Ruwan da ke gangarowa ta yamma yana faɗawa kogin Yedzaram, wanda ke gudu arewa wajen ƙasar Borno.

Damina takan kama daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba, sauran shekara rani ne. A bisa dutse iska ta fi ta ƙasa sanyi, kuma lokacin hunturu baƙon da ya zo ba bargo zai yaba wa aya zaƙinta.

Mutanen Sukur Hausawa ne ko Fulani?

Ko ɗaya. Ƙabila ce mai zaman kanta, suna kiran kansu da harshensu Sakun. Masana harsuna sun sa harshen cikin dangin Cadi, dangin da Hausa ma take ciki, sai dai Hausa tana reshen yamma, Sakun kuwa tana reshen tsakiya da ake kira Biu-Mandara, tare da Margi da Bura da Kamwe da Mafa. Zumuncin na nesa ne ƙwarai, Bahaushe ba zai tsinci komai ba idan ana hira da Sakun a gabansa. Amma a kasuwa da makaranta da wurin ibada Hausa tana aiki sosai, kamar yadda take yi a duk yankin, ga kuma Fulatanci.

Maƙwabtansu su ne Margi a filin yamma, Kamwe (waɗanda aka fi sani da Higi, a Kamaru kuma Kapsiki) a kudu, sai Wula da Mabas da Mafa ta gabas da arewa. A tsofaffin littattafai za ka ga an tattara dukan mutanen duwatsun nan an kira su Kirdi. Sunan na raini ne da mutanen ƙasa suka laƙaba musu, daidai da yadda ake cewa arna, kuma ba mai son a kira shi da shi.

Me ya kai mutane zama a kan dutse, ga fili shimfiɗe a ƙasa?

Amsar da aka saba bayarwa ita ce gudun bauta, kuma akwai gaskiya a ciki. Ɗaruruwan shekaru filin da ke kewaye da Mandara yana hannun masu dawaki: Borno, masarautar Wandala, daga baya kuma Fulanin Adamawa bayan jihadin ƙarni na 19. Doki ba ya hawa tsakanin ƙwallayen dutse da gudu, mai kibiya ɗaya a sama kuwa yakan tare mutum goma.

Sai dai wannan amsar ita kaɗai tana sa a ɗauki Sukur kamar maɓoyar 'yan gudun hijira da suka laɓe suna jiran ƙura ta lafa, alhali wurin bai yi kama da haka ba ko kaɗan. Wanda ya laɓe ba ya shimfiɗa hanyar dutse tun daga gindin tudu har ƙofar gidan sarkinsa, hanyar da ke cewa baƙo bismilla. Dutsen yana da abin da filin ba shi da shi: tama a cikin rafuffuka, ruwan sama da ya ɗan fi na ƙasa, da ƙasa mai ba da amfani idan an san yadda za a riƙe ta. Mutanen Sukur sun zauna a can ne da sana'a a hannu, kuma mutanen ƙasa su ke hawowa neman abin da suke ƙerawa.

Ta yaya ake noma a gangaren dutse?

Da katanga. Manomi yakan tsince duwatsun da ke gonarsa ya jera su a gicciye, bin kwanciyar tudun, ba siminti ba laka, dutse ne kawai ke riƙe ɗan'uwansa. Manya a ƙasa, matsakaita a sama, ƙanana a cusa a tsakani. Bayan katangar ƙasa takan taru ta kwanta, ta zama 'yar gona mai faɗin taki biyu ko uku, wani wurin ma bai fi shimfiɗar tabarma ba. Sama da ita a sake wata katangar, haka har ƙololuwa, sai tudun ya koma kamar matakalar bene.

Idan ruwa ya sauko, maimakon ya kwashe ƙasa ya yi gaba da ita, kowace katanga takan rage masa gudu, ya tsaya ya nutse, ragowar ya tsiyaye ta ƙofofin duwatsun zuwa ta ƙasa. A nan ake shuka dawa da gero, a raɓa musu wake, ga gyaɗa da sauran kayan miya. Garmar shanu ba ta da wurin juyawa, aikin duk na fartanya ne. Kuma ba a gama shi: kowace shekara kafin shuka sai an bi katangun an mayar da duwatsun da ruwa ko dabba ta ture. Gonar da aka bari 'yan shekaru ba gyara, bakin katangarta yakan ɓalle, ruwa ya sami hanya, ƙasar da kakanni suka tara ta tafi rafi.

A ganina waɗannan katangu su ne babban abin kallo a Sukur, fiye da fadar da kowa ke ɗaukar hotonta. Bayan girbi ana sussuka a masussukai da aka daɓe aka kewaye da dutse, a zuba hatsin a rumbunan laka masu jinka a cikin gida.

Gaskiya ne a rami suke kiwon sa?

Gaskiya ne, in dai an fahimci irin ramin. Ɗaki ne zagayayye da aka gina gindinsa da dutse a nutse cikin ƙasa, a cikin gida. A nan ake turke bijimi tun yana ƙarami, a riƙa kai masa ciyawa da ruwa, ba ya fita kiwo. Bahaushe ya san kiwon turke, to wannan shi ne, an dai ƙara masa dabara. Sa ba ya shiga gonar kowa ya yi ɓarna a inda kowane taƙi na ƙasa yake da tsada, ɓarawo ba ya kora shi, kashinsa kuma yana taruwa wuri ɗaya a kwashe a kai gona taki. Idan ya yi ƙiba sai a yanka shi a biki, ko ya shiga hidimar aure. Mai irin wannan sa a gida mutum ne da ake ganin girmansa.

Me ya sa kullum ake haɗa sunan Sukur da ƙarfe?

Domin a da shi ne arzikinta, kuma shi ya sa aka san ta har Borno. Tamar wurin ba haƙo ta ake yi a rami mai zurfi ba. Baƙin yashi ce mai nauyi da ruwa ke wankowa daga jikin duwatsu ya tara a rafi, sai mata su kwasa su rairaye har farin yashi ya tafi, baƙin ya zauna. Maza kuma su sare itace su ƙona gawayi.

Tanderun narka tama na wannan yanki ya sha bamban da na wurare da yawa. A zamanin da ake sana'ar, ana gina shi da laka a jikin gangare. Mai zuga yana zaune a sama da zugazugai biyu, iskar kuma tana bi ta wani dogon bututun laka da aka zuro tsaye daga sama har cikin wutar. Ana zuba gawayi da tama kaɗan-kaɗan, ana zuga ba ƙaƙƙautawa, wani ya gaji wani ya karɓa. Zafin yakan cinye bakin bututun a hankali, yana gajarta, dunƙulen ƙarfe yana taruwa a ƙasa. Idan an fasa an ciro shi ba ƙarfe ne tsantsa ba, cakuɗe yake da kashin maƙera da gawayi, sai an farfasa an tsince, an kai maƙera an sake gasawa an buga, sannan ya zama abin da za a yi fartanya ko gatari da shi.

Abin da ya bambanta Sukur da maƙwabtanta shi ne, a wurare da yawa na Mandara narka tama aikin gidan maƙera ne kaɗai, a Sukur kuwa manoma ma suna yi. Gidaje kan haɗa hannu da rani su hura tanderu, maƙera su kuma su ƙera. Wannan ya sa abin da garin ke fitarwa ya fi ƙarfin bukatarsa nesa ba kusa ba. Ana buga ƙarfen ya zama 'yan sanduna da ake kira dubil, waɗanda suka yi aikin kuɗi a yankin, har da biyan sadaki. Fatake na hawowa kasuwar ƙarfe su saya, ƙauyukan kewaye kuma na kawo tama da gawayi da abinci.

Ba yaƙi ne ya kashe sana'ar ba. Ƙarfen Turawa ne da tarkacen mota suka cika kasuwa da araha, maƙeri ya ga ba dalilin jiran tanderu tunda ga sifirin mota a banza. Wajen 1960 wutar ta mutu. Kufan tanderun suna nan birjik kusa da gidaje.

Wane ne Hidi?

Shi ne sarkin Sukur. Sarautar tana gidan Dur, waɗanda ake jin sun kafu tun wajen ƙarni na 17, kuma labarin baka yana danganta asalinsu da Gudur, wani wuri a ɓangaren Kamaru da mutanen Mandara da yawa ke girmamawa. Hidi yana da masu riƙe da sarautu a ƙarƙashinsa, wasu na hidimar fada, wasu na al'ada, kuma a cikin sunayen sarautun akwai na aro daga masarautun ƙasa, irin su Wakili.

Jami'an mulkin mallaka sun rubuta shi a matsayin wani sarki mai tsarki da ya taɓa mallakar ƙasa mai faɗi da ƙarfin yaƙi. Masu bincike biyu, Nicholas David da Judy Sterner, da suka zauna a garin cikin shekarun 1990, sun nuna cewa an zuzuta abin. Ƙarfin Hidi ya fi dogara ga cinikin ƙarfe: shi ke ƙulla zumunci da maƙwabta don tama da gawayi su shigo, shi ke tabbatar da fatake sun zo lafiya sun koma lafiya. Wannan bayanin ya fi kama hankali, domin ya dace da abin da ido ke gani a wurin.

Yaya fadar take?

Kada mai zuwa ya sa ran ganin irin fadar Kano ko ta Zazzau mai soraye da zane. Gidan Hidi babban kewaye ne na dutse da aka jera ba laka, a gefen tudu, da ƙofofi da lunguna da ɗakuna zagayayyu. A ciki akwai wurin matan sarki, rumbuna, turken sa, bargar doki da wuraren tsafi, a gaba kuma filin taro da zauren shari'a. Sassa da yawa sun zama kufai tun da daɗewa, saboda gidan an yi shi ne don iyali mai yawa na zamanin da kasuwa ke ci. A wata ƙofa akwai dogayen duwatsu biyu a tsaye, waɗanda tatsuniyar garin ke dangantawa da wasu ƙattai biyu, Fula da Deve, da aka ce su suka yi ginin.

Hanyar dutsen fa?

Falalen duwatsu ne aka shimfiɗa aka jera, inda tudu ya yi tsaye a yi matakala, tun daga ƙasa har sama, da wasu rassa a cikin gari. Tana hana ruwa cin hanya, tana kuma ba doki da mai kaya a ka damar hawa. Duk wanda ya taɓa ɗaga dutse ɗaya mai girman turmi zai san yawan hannun da aikin ya ci.

Yaushe duniya ta fara jin labarin Sukur, kuma me ya same ta a zamanin Turawa?

Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya bi ta yammacin duwatsun a 1851 kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Yola. Bai hau ba, amma ya rubuta abin da aka gaya masa game da wani sarki mai ƙarfi a bisa dutse wanda ba ya ƙarƙashin kowa.

Mafi munin zamani ya zo ne a farkon ƙarni na 20, lokacin Hamman Yaji, sarkin Fulani na Madagali daga 1902. Shi ya samu bindigogi, dutse kuwa yana tare doki amma ba ya tare harsashi. Ya sa an riƙa rubuta masa abubuwan da yake yi kullum tun daga 1912, kuma a cikin rubutun akwai lissafin hare-haren da ya aika kan ƙauyukan dutse, har da Sukur, da adadin bayi da shanun da aka kamo, an jera su kamar lissafin kanti. Duk wannan yana faruwa ne Turawa suna ƙasar. Ingilishi sun tuɓe shi a 1927. Har yau sunansa bai fita daga bakin tsofaffin yankin ba.

Ta yaya ta zama ƙasar Nijeriya?

Da farko yankin yana cikin Kamarun Jamus. Bayan yaƙin duniya na ɗaya Faransa ta riƙe Madagali na ɗan lokaci, sannan ta koma hannun Ingila, aka riƙa mulkinta daga Yola a matsayin ƙasar amana. A ƙuri'ar raba-gardama ta Fabrairun 1961 arewacin Kamarun Ingila ya zaɓi Nijeriya, aka sa masa suna lardin Sardauna. Daga nan sai jihar Arewa maso Gabas, Gongola a 1976, Adamawa a 1991. Iyakar ta raba dangi: akwai maƙwabtan da tafiyar ƙafa ce tsakaninsu da Sukur amma takardunsu na Kamaru ne.

Me UNESCO ta gani har ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya?

Wannan hukuma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta a 1999, ita ce ta farko a Nijeriya, kurmin Osun da ke Osogbo ya biyo baya a 2005. Ba fadar kaɗai aka yi wa rajista ba, duk shimfiɗar wurin ce, kimanin hekta 764: fada, gonaki masu hawa-hawa, hanyoyin dutse, kufan tanderu, maƙabartu, wuraren tsafi da ƙauyukan da mutane ke ciki. Hujjar ita ce wuri ne da mutum da dutse suka yi ɗaruruwan shekaru suna gyara juna, kuma al'adar tana raye. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ita ke sa ido a kai tare da gwamnatin jiha da Hidi da dattawansa.

Shiga wannan jerin suna ne, ba ya zuwa da famfo ko asibiti. Matasa da yawa sun sauka ƙasa ko sun tafi Mubi da Yola da Maiduguri neman karatu da aiki, kuma ba mai ganin laifinsu, domin mai ɗauko ruwa a ka ya hau tudu da shi ba ya ganin abin sha'awar da baƙo ke gani. Matsalar dai ita ce kowane hannu da ya sauka, akwai katangar da ta rasa mai gyara ta.

Wane addini suke bi?

A yau akwai Kiristoci da yawa, akwai Musulmi, akwai kuma masu riƙe da addinin gargajiya, wani lokaci duk a zuri'a ɗaya. Bukukuwan al'ada suna bin kalandar noma. Akwai bikin shigar samari sahun manya da ake yi shekara bibbiyu, akwai kuma Yawal, bikin Hidi, wanda ake yi da rani bayan amfani ya shiga rumbu.

Rikicin Boko Haram ya taɓa ta?

Ya taɓa ta. A 2014 'yan ƙungiyar sun kama Madagali da Gulak da Michika, har Mubi. Mutanen ƙasa da yawa suka gudu kan duwatsu kamar yadda kakanninsu suka yi. A watan Disamba na shekarar maharan suka hau Sukur, suka ƙona gidaje da rumbuna da wasu sassan fada, suka kwashe dabbobi da abinci. Jinka da itace sun ci wuta, katangun dutse suka tsaya. Sojoji sun ƙwato yankin a 2015, mutane suka dawo suka sake rufi. A 2018 ƙungiyar World Monuments Fund ta sa Sukur cikin jerin wuraren tarihi da ke bukatar agaji.

Ana iya zuwa ziyara?

Ana zuwa, amma ba a tashi haka kawai a kama hanya. Yankin Madagali yana kusa da Gwoza da dajin Sambisa, kuma yanayin tsaro yakan canza, don haka a fara tuntuɓar hukumar gidajen tarihi a Yola da mutanen wurin kafin a ɗaura niyya. Lokacin da ya fi daɗin hawa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kafin zafin bazara. Mai son ganin gonakin kore shar kuwa sai ya zo da damina, ya haƙura da santsin dutse.

Mota a gindin tudu take tsayawa, sauran da ƙafa ne, awa ɗaya zuwa biyu gwargwadon ƙarfin gwiwar mutum. A tashi da sassafe, a riƙe ruwan sha da takalmin da ba ya zamewa. In an isa, gaisuwa wurin Hidi ita ce farko, kamar yadda baƙo ke yi a kowane gari mai sarki, kuma ba a zuwa hannu rabbana. A nemi izini kafin ɗaukar hoton mutum ko shiga gida. Tulu ko 'yar tukunyar da ka gani a gindin itace ko a kan tarin duwatsu ba yasasshiya ba ce, wurin ibadar wani ne, kada a taɓa. Haka kuma kada a taka bakin katangar gona don yanke hanya, a bi inda ɗan jagora ya bi.